Me ya sa jimlar Ingilishi take faɗin abin da marubucinta bai nufa ba? Fashin baƙi kan siffatau da ya sauka a gurbin da ba nasa ba

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, maganar koyon Ingilishi ta ƙara ƙarfi a Damagaram. Ana tattauna ta a fadodin shayi na matasa, ana tattauna ta tsakanin ɗaliban Jami'ar André Salifou, haka kuma iyaye da ke da ƴaƴa a kwaleji da lise sun fara tambayar malamai yadda yaransu suke a wannan darasi. Sai dai yawancin masu wannan magana sun ɗauka cewa wanda ya haddace kalmomi da yawa, ya kuma iya jujjuya aikatau zuwa shuɗaɗɗen lokaci da mai zuwa, ya gama da Ingilishi. Tambayar da ke gabanmu ta nuna akwai sauran aiki: ta yaya jimla za ta kasance kowace kalma a cikinta an rubuta ta daidai, lokacin aikatau ma daidai, amma malami ya ja mata jan alƙalami ya ce ma'anarta ta karkace?

Ga misalin da zai fito da tambayar fili. Ɗalibi yana so ya ce ɗan kasuwa ya sayar wa mahauci rago mai dogayen ƙahoni, sai ya rubuta: "The trader sold a ram to the butcher with long horns." Babu kalma ɗaya da aka yi kuskuren rubutawa a nan. Amma a idon mai karanta Ingilishi, ƙahonin sun koma kan mahauci, domin yankin "with long horns" ya sauka ne dab da "butcher", ya yi nisa da "ram". Irin wannan kuskure ne malaman Ingilishi ke kira "misplaced modifier", wato siffatau da aka ajiye a inda bai kamata ba.

## Mene ne siffatau, kuma yaya yake saɓa gurbinsa?

Masu nazarin nahawun Hausa suna kiran duk abin da ke ƙara bayani a kan suna da siffatau, har sukan raba shi gida biyu: siffatan goshi, wanda ke zuwa kafin suna kamar "farar" a cikin "farar riga", da siffatan ƙeya, wanda ke biyo bayan suna kamar "mai tsada" a cikin "riga mai tsada". A nahawun Ingilishi abin ya ɗan fi haka faɗi, domin ya haɗa har da bayanau, wato abin da ke bayyana yadda aka yi aiki ko lokacinsa ko wurinsa. Yana iya zama kalma guda, ko yankin jimla mai kalmomi uku ko huɗu, ko ganga sukutum mai nata aikatau. A wannan rubutu za mu kira su duka da siffatau don sauƙin bayani.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Mai karanta Ingilishi yana liƙa siffatau ne ga kalma mafi kusa da shi wadda za ta iya ɗaukarsa. Abin kamar goyo ne: duk matar da aka ga yaro a bayanta, ita baƙo zai ɗauka uwarsa ce, ko da kuwa uwar tana tsaye a gefe. Saboda haka gyaran jimlar ɗan kasuwa shi ne a matso da ƙahoni kusa da ragon: "The trader sold a ram with long horns to the butcher", ko kuma "The trader sold the butcher a ram with long horns." Wannan ta biyun ta bi tsarin Hausa sak, inda wanda aka yi wa aiki ke gabatar abin da aka sayar.

Ko kalma guda ma tana iya ɓata hanya. Badukun da ke son tallata jakar mata ta fata ga baƙi, in ya rubuta "a leather woman's bag", ya siffanta matar da fata ke nan. Abin da yake nufi shi ne "a woman's leather bag".

## Dalilin da ya sa Ingilishi ya fi tsanantawa a kan gurbi

A nan ne tushen matsalar yake, kuma a ganina shi ne abin da ba a cika bayyana wa ɗalibanmu ba. Yaron Damagaram yana zuwa ajin Ingilishi, tun daga shekarar farko ta kwaleji, da harsuna biyu a kansa, Hausa da Faransanci, kuma dukansu biyu suna da wata igiya da ke ɗaure siffatau da abin da yake siffantawa ko da sun yi nisa da juna. Wannan igiya ita ce jituwar jinsi da adadi.

Dubi Hausa. In aka ce "ɗan kasuwa ya sayar wa mahauci tunkiya tana ɗingishi", kowa ya san tunkiyar ce gurguwa. In aka ce "yana ɗingishi", tunkiya ta fita daga zargi, magana ta koma kan ɗaya daga cikin mazan. Bambancin "tana" da "yana" ne ya yi wannan aiki, ba wurin da kalmar ta zauna ba. Haka "wanda" da "wadda" da "waɗanda": "na haɗu da ɗiyar malamin wadda ke aiki a asibiti" ta bambanta sarai da "na haɗu da ɗiyar malamin wanda ke aiki a asibiti". Faransanci ma yana da irin wannan, musamman a rubuce, inda ƙarin harafi ɗaya tsakanin "blessé" da "blessée" ke nuna ko mahaucin ne ya ji rauni ko tunkiyar.

Ingilishi na yau ba shi da wannan igiya. Kalmar "limping" ba ta sauyawa ko namiji ne ke ɗingishi ko mace ko garke guda, haka "injured", haka "who". Da can ba haka yake ba. Tsohon Ingilishi, wanda ake magana da shi kafin mamayar da Normandawa suka yi wa Ingila a 1066, yana da jinsi uku, kuma sunaye da siffofinsa suna ɗauke da ɗafa-ƙeya, wato ƴan haruffan da ake liƙawa a ƙarshen kalma, masu nuna aikin kowace kalma a jimla. Waɗannan alamomi sun yi ta zaizayewa, har zuwa ƙarni na 14 mafi yawansu suka ɓace. Da suka ɓace, nauyin da suke ɗauka sai ya koma kan jerin kalmomi. Shi ya sa a Ingilishi gurbin kalma yake yin aikin da "yana" da "tana" ke yi a Hausa, kuma shi ya sa ɗalibin da ya saba da ƴancin jefa siffatau a ƙarshen jimla yake faɗawa cikin kuskure ba tare da ya ji wani abu ya yi masa karo a kunne ba.

Kada a ɗauka Hausa ta kuɓuta gaba ɗaya. Da zarar abubuwan biyu sun zama jinsi ɗaya, igiyar ta tsinke. "Ya ba yarinyar akuya tana kuka" ba ta faɗa mana ko yarinyar ce ke kuka ko akuyar ba, kuma "mai" ba ya nuna jinsi, don haka "ɗiyar malamin mai tsayi" tana iya nufin kowannensu. Bambancin kawai shi ne abin da ke samun Bahaushe jefi-jefi, shi ke jiran mai rubuta Ingilishi a kusan kowace doguwar jimla.

## Ƙananan kalmomin da ke iyakance ma'ana

Akwai wasu ƴan kalmomi da suka fi kowa saurin sauya ma'ana in an gusar da su: "only", "almost", "nearly", "just", "even", "hardly". A rubutu mai tsari, kowacce tana zuwa ne dab kafin abin da take iyakancewa.

A ɗauki maganar Hadiza da tela. "Only Hadiza paid the tailor yesterday" na nufin Hadiza kaɗai ce ta biya, sauran ba su biya ba. "Hadiza paid only the tailor yesterday" na nufin tela kaɗai ta biya, mai wanki da mai kayan miya suna nan suna jira. "Hadiza paid the tailor only yesterday" na nufin sai jiya-jiyan nan ta biya shi, wato ta yi jinkiri. Kalmomin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, amma labari uku ne mabambanta.

Tarkon da ke kama Bahaushe a nan na musamman ne. A Hausa "kaɗai" da "kawai" suna bin bayan abin da suke iyakancewa: "Hadiza kaɗai ta biya". In ɗalibi ya juya wannan kalma bayan kalma, zai rubuta "Hadiza only paid", yana ganin ya keɓe Hadiza, alhali mai karatu zai liƙa "only" ga abin da ya biyo bayanta, ya fahimci cewa biya kawai ta yi, ko kuma tela kawai ta biya. Faransancin da yaranmu suka riga suka sani zai iya taimaka musu a nan. A tsarin "ne ... que", kalmar "que" tana tsayawa ne daf kafin abin da aka keɓe: "Hadiza n'a payé que le tailleur." Duk inda "que" za ta zauna, nan ne mazaunin "only". In kuwa mai aikin ne aka keɓe, Faransanci yana cewa "Seule Hadiza a payé", nan ma kalmar keɓewar ce a gaba, daidai da Ingilishi.

Lamarin "almost" ya fi wannan haɗari ga ƴan kasuwa. Wakili a Kano ya aiko da saƙo cewa "The driver almost lost all the sacks": saura ƙiris direba ya yi asarar buhunan duka, amma Allah ya kiyaye, ko ɗaya bai salwanta ba. In kuwa ya rubuta "The driver lost almost all the sacks", to kusan dukkan buhunan sun tafi. Hausa tana da hanyoyi biyu daban na faɗin waɗannan, "saura kaɗan ya rasa" da "ya rasa kusan duka", Faransanci ma yana da "il a failli perdre" da "il a perdu presque tous". Ingilishi kalma ɗaya ce gare shi a wurare biyu, kuma tsakanin wuraren biyu akwai dukiyar mutum.

Haka nan "not" in ta haɗu da "all". Mai son ya ce ba dukkan masu jarrabawa ne suka ci ba ya rubuta "Not all the candidates passed." In ya rubuta "All the candidates did not pass", wasu za su fahimci babu wanda ya ci, abin da ya kamata a faɗa da "None of the candidates passed."

## Siffatau mai fuska biyu

Wani lokaci siffatau yakan zauna tsakanin aikatau biyu, ya zama ba a san wanda yake yi wa hidima ba. "The headmaster said on Monday the fees would be refunded": shin ranar Litinin ce shugaban makaranta ya yi maganar, ko ranar Litinin za a mayar da kuɗin? Kalmar "that" ce ke raba gardama. In maganar ce aka yi ranar Litinin, sai a ce "said on Monday that the fees would be refunded". In biyan ne za a yi a ranar, sai a ce "said that the fees would be refunded on Monday". Uban da ya taso daga Mirriya ko Matamai don karɓar kuɗinsa ya san muhimmancin wannan bambanci.

## Siffatau mai reto, wanda ba shi da abin kamawa

Wannan nau'i ne ya fi yawa a takardun ɗalibanmu, kuma shi ya fi wuyar gani. Turawa suna kiransa "dangling modifier". A nau'o'in da suka gabata, abin da ake siffantawa yana cikin jimlar, nisa kawai ya yi. A nan kuwa babu shi sam, marubuci ya bar shi a cikin zuciyarsa.

Ƙa'idar Ingilishi ita ce: in jimla ta fara da yanki marar mai aiki, kamar wanda ke farawa da kalma mai ƙarewa da "-ing" ko "-ed", ko da "to", ko "after", ko "as", to sunan da ya biyo bayan waƙafi shi ne ake ɗauka mai wannan aiki. Saboda haka "Walking to Dole market, the rain began to fall" tana cewa ruwan sama ne ke tafiya kasuwar Dole.

Me ya sa ɗalibi Bahaushe ke rubuta haka? Domin a Hausa jimlar lafiyarta ƙalau: "Ina tafiya kasuwar Dole sai ruwa ya sauko." Mai tafiya daban, mai saukowa daban, kuma babu ruɗani, saboda "ina" tana ɗauke da mai maganar a cikinta. Da ɗalibi ya mayar da "ina tafiya" zuwa "walking", sai ya zubar da mutumin a hanya, domin "walking" ba ta nuna ko ni ne ko kai ne ko ita ce. Gyaran shi ne a maido da mutumin. Ko dai a mayar da yankin farko cikakkiyar ganga mai nata mai aiki, "As I was walking to Dole market, the rain began to fall", ko a sauya sashe na biyu ya fara da mai tafiyar, "Walking to Dole market, I was caught in the rain."

Irinsa ne wanda ake yawan gani a rubutun tarihin rayuwa: "At the age of seven, my father sent me to Kano." A Hausa "ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya tura ni Kano" ba ta da aibu. A Ingilishi an mayar da mahaifin ɗan shekara bakwai, kuma gyaran shi ne "When I was seven, my father sent me to Kano."

Akwai wata hanya ta biyu da wannan kuskure ke shigowa, ita ce salon rubutun ofis da muka gada daga Faransanci, wanda ke son ɓoye mai aiki. Ma'aikaci ya saba rubuta an yi kaza, an biya kaza, ba tare da ya ambaci kansa ba. In ya kawo wannan ɗabi'a cikin Ingilishi sai ya rubuta "After checking the accounts, the money was paid", wato kuɗin ne suka duba lissafi. Dole a fito da wanda ya duba: "After checking the accounts, the cashier paid the money." In kuwa ba a son ambaton kowa, sai a daidaita sassan biyu: "After the accounts had been checked, the money was paid."

Wanda ya yi lise ya riga ya san wannan ƙa'ida ko da bai san ita ce ba. Malaman Faransanci sun daɗe suna gyara ƙarshen takardar neman aiki, suna cewa "Dans l'attente d'une suite favorable, veuillez agréer" kuskure ne, domin mai jiran amsa shi ne marubuci, alhali "veuillez" tana magana ne da mai karɓar takarda. Daidai shi ne "je vous prie d'agréer". Ƙa'ida ɗaya ce ba bambanci. Abin da ya rage kawai shi ne a nuna wa ɗalibi cewa abin da ya koya a darasin Faransanci yana aiki a darasin Ingilishi, domin ya daina rubuta "As a graduate in accounting, your company is the right place for me", wadda ta ba kamfani digirin da shi ya sha wahalarsa. Sai ya ce "As a graduate in accounting, I believe your company is the right place for me."

## Inda masana suka saɓa wa juna

Ba kowa ne ya yarda a tsananta ba, kuma ya kamata mai koyo ya san haka don kada ya rikice in ya ji Bature da kansa yana karya ƙa'idar. Tun ƙarni na 18 marubutan nahawu a Ingila suke nacewa a ajiye "only" dab da abin da take iyakancewa. A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa harshe na masu magana da shi ne, kuma masu magana da Ingilishi sun saba sanya "only" kafin aikatau ba tare da wani ya ruɗe ba. H. W. Fowler, wanda ya wallafa shahararren ƙamus ɗinsa na amfani da Ingilishi a 1926, yana cikin waɗanda suka kare wannan ɗabi'a a wuraren da ma'ana take a fili. Hujjarsu tana da ƙarfi a magana ta baki, domin mai magana yana ɗaga murya a kan kalmar da yake nufi, kuma mai sauraro yana iya tambaya.

Haka kuma akwai yankunan da suka yi reto tun da daɗewa har aka karɓe su. Babu malamin kirki da zai ja layi a ƙarƙashin "generally speaking", ko "judging from the report", ko "considering the distance", ko da sunan da ya biyo baya ba shi ne mai magana ko mai hukunci ba.

Wani wurin saɓani shi ne tsohuwar dokar da ta hana sanya bayanau tsakanin "to" da aikatau, wadda ta yaɗu a ƙarni na 19. Mafi yawan masana na yau ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, kuma tsoronta kan haifar da kuskuren da muke magana a kai. Wanda ya guje wa "decided to quickly repair the road" ya rubuta "decided quickly to repair the road" ya sa saurin ya koma kan yanke shawara, ya bar gyaran hanya. Mafita mai sauƙi ita ce "decided to repair the road quickly".

Ra'ayina a nan shi ne ɗalibinmu ya bi ɓangaren tsanantawa a rubuce, ya sassauta a baki. Wanda aka haifa cikin Ingilishi yana da kunnen da ke gaya masa inda karya ƙa'ida ba zai cutar ba. Wanda ya fara koyonsa yana ɗan shekara 12 ko 13, sa'o'i kaɗan a mako, bai samu wannan kunne ba tukuna, kuma takardarsa za ta je hannun mai gyaran jarrabawa ko mai ɗaukar ma'aikata a lokacin da ba ya nan balle ya yi ƙarin bayani.

## Abin da kuskuren ke jawo wa mutane

Wanda ya fara jin zafin abin shi ne ɗalibi, a jarrabawar BEPC da ta bakaloriya, sannan a jarrabawoyin ƙwarewa irin su TOEFL da IELTS ga masu neman guraben karatu a waje. Masu tsallakawa jami'o'in Najeriya, kamar Jami'ar Bayero ta Kano, sukan tarar cewa komai da Ingilishi ake rubutawa, tun daga aikin gida har zuwa kundin kammala karatu, kuma doguwar jimla ta ilimi ita ce gidan wannan kuskure.

Amma abin bai tsaya a makaranta ba. Magunguna da yawa da ke shigo mana daga Najeriya bayaninsu da Ingilishi yake. "Take only one tablet at night" tana iyakance adadin ƙwayar da za a sha da dare, ita kuwa "Take one tablet only at night" tana iya nufin kada a sha sai da dare. Wanda ke karanta wa maras lafiya irin wannan takarda yana bukatar ya lura da inda ƙaramar kalmar ta zauna.

A yarjejeniyar ciniki kuma tambayar takan zama iya ina siffatau ya kai. In takarda ta ce "dried peppers and onions", shin tattasai ne kaɗai busasshe, ko har da albasa? In tattasai kaɗai ake nufi, a juya jerin a ce "onions and dried peppers". In duka biyu ne, a maimaita: "dried peppers and dried onions". Kada a ga kamar wannan ƙaramin abu ne. A ranar 1 ga Afrilu 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Facebook da Duguid, kuma jigon shari'ar shi ne wani yanki a cikin dokar kiran waya ta 1991, wanda ya siffanta na'urar da ke iya "to store or produce telephone numbers to be called, using a random or sequential number generator". An yi jayayya kan ko yankin ƙarshe, wanda ya fara da "using", ya shafi "produce" kaɗai ko har da "store". Alƙalan baki ɗaya suka ce ya shafi duka biyun, kuma da wannan fassara kamfanin Facebook ya yi nasara. Waɗanda suka rubuta dokar Ingilishi ne harshensu na gado, duk da haka sai da aka kai ga kotu mafi girma a ƙasarsu kafin a san iyakar siffatau guda.

Yanzu da Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar, ana iya sa ran sanarwoyi da takardun kwangila da wasiƙun hukuma za su ƙaru da shi. Yawancin waɗanda za su rubuta su Faransanci suka yi karatu da shi, wasu kuma za su dogara da manhajojin fassara na waya. Manhajar da ke duba rubutu tana kama harafin da ya faɗi, amma sau da yawa takan wuce jimlar ragon mahauci ba ta ce komai ba, domin a tsarin nahawu jimlar ba ta karye ba, ma'anarta ce ta kauce.

## Yadda ake gano shi da yadda ake gyarawa

Hanya mafi amfani da na sani ga mai jin Hausa ita ce ya mayar da jimlarsa Hausa kamar yadda take a takarda, ya manta da abin da ke zuciyarsa. Hausa za ta tilasta masa ya zaɓi "yana" ko "tana" ko "ina", ya zaɓi "wanda" ko "wadda", kuma a wannan zaɓi ne kuskuren ke bayyana. In jimla ta fara da yanki marar mai aiki, ya ɗora yatsa a kan sunan farko bayan waƙafi, ya tambayi kansa ko wannan ne ya yi aikin. In ta ƙare da yanki mai farawa da "with", "who", "which" ko "that", ya dubi sunan da ya zo dab kafin yankin. In akwai "only" ko "almost", ya dubi kalmar da ta biyo bayanta.

Abu ɗaya da ya kamata a gargaɗi ɗalibai a kai shi ne waƙafi ba magani ba ne. Da yawa sukan sa waƙafi kafin siffatau da ya ɓata, suna ganin sun raba shi da maƙwabcinsa. "The trader sold a ram to the butcher, with long horns" ba ta warke ba. Haka kuma matsar da siffatau mai reto zuwa ƙarshen jimla ba ya gyara shi, tun da abin da ya rasa shi ne mai aiki, kuma sai an kawo shi.

Ina kuma roƙon malamanmu na Ingilishi su riƙa kawo jimlar Hausa da ta Faransanci su ajiye kusa da ta Ingilishi a kan allo lokacin wannan darasi. Hana yaro tunani da harshensa ba ya hana harshen yin aiki a ƙarƙashin alƙalaminsa, gara a fito da shi fili a nuna masa inda hanyoyin suka rabu.

Wani lokaci jimla takan tara kurakurai har matsarwa ba ta isa ba. A dubi wannan, irin wadda ake samu a takardar neman tallafin karatu: "Having finished my studies, a certificate was given to me by the director that only is awarded to the best students." Kuskure uku ne a ciki. Yankin farko ya sa takardar shaida ce ta kammala karatu, gangar "that" ta manne wa darakta har ta zama shi ake bayarwa kyauta, sannan "only" ta yi nisa da ɗaliban da take keɓewa. Ana iya ɗinke ta a jimla ɗaya: "When I finished my studies, the director gave me a certificate that is awarded only to the best students." In kuwa marubuci ya ga jimlar ta fi ƙarfinsa, babu laifi ya raba ta biyu: "When I finished my studies, the director gave me a certificate. It is awarded only to the best students."